Sunan da ke Bayan Riga

Tudun Wada, Gusau
Tsakiyar Satumba

Malama Wasila,

Ina sanar da ke, da duk wanda abin ya shafa, cewa yau Talata da hantsi ni Labbo na sayi ambulan. Sai da mai shagon ya taka kujera ya laluba bayan kwalayen sabulu kafin ya samo shi, ya miƙo mini da hannu biyu kamar kayan tarihi. Tun da hukuma ta yanke layukan waya a jihar nan muka koma zamanin kakanninmu. Mas'udu direba, mai jigilar Gusau zuwa Tsafe, shi ne gidan wayarmu yanzu, kuma zai ajiye miki wannan wurin mai shayin bakin titin Kwatarkwashi.

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya jikin Inna Sadiya, da idon da ƙafar? Mu nan lafiya lau, in ban da zaman banza tun da aka rufe makarantu. Ke ma na san kin huta da koya wa 'yan firamare abin da ba ki sani ba. Kada ki ɓata rai. Kakana da kakarki ciki ɗaya suka fito, kuma hukumar da ta yanke waya ba ta yanke taubasantaka ba.

Ga dalilin ambulan. Waya ta mutu, amma setilayit na nan da ransa. Ranar Asabar na je gidan kallon ƙwallo na Gideon a Sabon Gari don in ga Bashar, ɗan yayanki marigayi Arzika. Kin san da ni ba mai kallon ƙwallo ba ne. Ƙasar Sifaniya ma, inda yake zaune, a littafin tarihi na san ta, da sunan Andalus. Amma tun da yaron nan ya nemo mu da damina na zama gwani. Na san makarantar ƙwallo ta ɗauke shi yana ɗan shekara tara, a garin da ubansa ke aikin gonakin tumatir. Ya fara buga wa manya a rukuni na biyu yana sha bakwai. An ba da shi aro ga wata ƙungiya a arewacin ƙasar, inda ruwan sama ba ya ɗaukewa, ya dawo, bana kuma wata ƙungiya ta rukunin farko ta saye shi. Ɗan tsakiya ne, irin masu raba ƙwallo kamar mai rabon goro a ɗaurin aure.

Duk lokacin da aka nuno bayansa, mutanen Gideon sukan miƙe da tafi, don an rubuta ARZIKA da manyan baƙaƙe, sunan mutumin Kwatarkwashi a filin Turawa. Ranar Asabar aka nuno bayan, ba wanda ya miƙe. MOLINA aka rubuta. Sunan dangin uwarsa Marta ne. Mutanen can suna biyu suke ɗauka, na uba da na uwa, mutum ya zaɓi wanda zai sa a riga. To ya zaɓa. Gideon ya dube ni ya ce, "Malam, ko waccan rigar an kai ta wanki ne?"

Ban san dalili ba, babu kuma hanyar tambaya. Kiran bidiyon da muka yi da shi a tsakar gidanku kafin a yanke waya dai ya tafi lafiya, tun da ni na yi tafinta, kuma ban zubar da ko kalma ɗaya ta Inna ba.

Kada ki gaya mata tukuna.

Taubashinki,
Labbo

*

Kwatarkwashi
Ƙarshen Satumba

Malam Labbo,

Takardarka ta iso, da tabon shayi. Muna lafiya. An fara yankan gero a gindin dutse. Ƙafar Inna da sauƙi, idon ne dai yanar ke ƙaruwa, yanzu da murya take gane mutane.

Mai hankali yakan sa gargaɗi a farkon takarda, ba a ƙarshenta ba. Inna ta ji motsin ambulan ta ce in karanta mata, na ɗauko daga sama. Kafin in iso "kada ki gaya mata" na riga na gaya mata. Ta ce, "Wane suna ya ɗebe?" Na ce wanda kika sani. Tuwonta na dare kuma kaji suka ci shi da safe.

Ka ce kiran ya tafi lafiya. Ni ma ina wurin, bari in tuna maka. Yaron ya ce a roƙi kakarsa ta ba shi labarin ubansa. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska ta ce, "Wancan? Ba ni da labarinai." Kai ka juya shi zuwa Turanci. Ya sake tambaya, ya kira sunan, Inna ta kau da kai wajen turken akuya. Sannan ta matso da fuska kusa da waya ta ce wannan miji nata mummuna ne, ƙafafu kamar na zalɓe, ko cefane bai taɓa aiko mata ba, ita ta fasa auren. Mu duka muka yi dariya. Kai kuma ka gyara zaman hula ka juya masa komai, har da zalɓen, da wani Turanci mai maiƙo. Kana kallon bakinka, ni ina kallon fuskarsa.

Yaro ne da ya tashi cikin mutanen uwarsa, ubansa ya rasu yana sha huɗu, bai taɓa taka ƙasar nan ba. Wa ya taɓa gaya masa cewa uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari? Wa ya gaya masa kaka miji take ɗaukar jikanta, tsiyar da take masa ita ce marabarta? Ka ce ba ka zubar da kalma ba. Da ka zubar da rabi da ya fi.

An ce za a maido muku da waya a Gusau kafin mu. In ta dawo ka neme shi.

Wasila

*

Tudun Wada, Gusau
Farkon Oktoba

Malama Wasila,

Gaisuwa gare ki da Inna. Allah Ya ƙara sauƙin ido. Batun tafinta kuma, aikin tafinta ya isar da magana, ba ya yi mata kwaskwarima ba. A nan na tsaya, ko da za ki aiko takarda goma.

Waya ta dawo mana ranar Juma'a. Garin nan kamar an yi sallah, kowa ya sunkuyar da kai yana murmushi shi kaɗai. Cikin saƙonnin da suka zubo akwai na Marta. Mace ce mai hankali, ba ta zagi kowa ba. Ta ce tun ranar kiran Bashar bai ƙara zancenmu ba. Abin da ya fahimta shi ne gidanku ya yafe ubansa tun da ya tafi Turai, har uwar da ta haife shi ba ta iya ɗaukar sunansa a baki, shi kuma an kira shi mummuna a gaban jama'a ana dariya. Ya ce ba zai riƙa yawo da sunan gidan da ba a son sunan ba.

Na zauna na rubuta masa bayani mai tsawo a kan alkunya. Na kawo asalinta, na kwatanta da al'adun wasu ƙabilu, na raba shi kashi-kashi. Ko a jami'a aka gabatar da shi sai an tafa. Amsarsa layi ɗaya ce: "In tana son sa, ta faɗi sunansa sau ɗaya in ji."

Ga kuma abin da ya sa maganar ba ta jira. An kira shi babbar tawagar ƙasar Sifaniya, karo na farko, wasan kuma a watan gobe ne. Marta ta ce sunan da ya sa a rigar ƙasa ran farko, da shi duniya za ta san shi, da wuya a sake canzawa. 'Yan gidan Gideon suna ta musu wai da Nijeriya ya kamata ya buga wa. Na ce musu yaron da ya cire sunan ubansa ba tutarmu ce damuwarsa ba.

Shawarata mai sauƙi ce. Ki sa Inna a motar Mas'udu ki kawo ta Gusau. In kunna waya, ta faɗi sunan sau ɗaya, in aika. Kalma ɗaya ce, gaɓa uku. Alkunya don mai rai ake yin ta, kada ya yi girman kai, kada ido ya kama shi. Wanda ake yi dominsa yana kwance a maƙabartar wata ƙasa shekara shida. Wa ake ɓoyewa yanzu? Ki lallashe ta. In ta ƙi, ki ce ni na ce.

Labbo

*

Kwatarkwashi
Tsakiyar Oktoba

Malam Labbo,

Muna lafiya, sai dai Mas'udu ya yi mako bai biyo ba, motarsa ta kwanta a Tsafe. Shi ya sa ka ji shiru.

Na gaya wa Inna, na kuma ce kai ka ce. Ta ce in gaishe ka, in tambaye ka ko karatun ne ya yi maka yawa.

Ga maganarta yadda ta faɗe ta, ni ma ba zan zubar da kalma ba. Ta ce: "Tun randa anka raɗa mai suna ban faɗe shi ba. Ya yi rarrafe ban faɗa ba. Ya faɗa rijiyar bayan gida ina kallo, da 'kai' na kira shi har anka fiddo shi. Randa za shi tafi na raka shi bakin titi, bakina cike da sunan, na haɗiye. Randa anka aiko ya rasu na shiga ɗaki na yi kukana, ban faɗa ba. Yanzu don rigar ƙwallo za ni buɗe baki in kira shi kamar mai tallar gyaɗa? Shi kaɗai ya rage min da ban ba kowa ba."

Kai da kake zuwa gidan nan tun kana yawo ba wando, ka taɓa jin Inna ta ce "abin arziki"? "Abin albarka" take cewa. Maƙwabta ma sun saba, in suna gabanta haka suke faɗa. Matar da ta kewaye kalma guda shekara hamsin da wani abu, ita za ka sa a mota a kai ta gaban waya?

Ni ma na tsaya inda ta tsaya. Ina son yaron nan, jinin yayana ne, in na ji muryarsa sai in ji kamar Yaya ne ke magana da baƙin harshe. Amma ba za mu karya tsohuwa don mu saye shi ba. In ya sa Molina, Allah Ya ba Molina sa'a.

Sai dai Inna ta ba da saƙo, ta ce ka aika masa, kuma kada ka ƙara masa gishirin jami'a. Tambaya ce. Ta ce: "A tambaye shi, mi ubanai ka kiran shi da shi?" Wato da wane suna Yaya yake kiransa a gida. Na ce mata me wannan zai gyara? Ta ce, "Ke dai rubuta."

Wasila

*

Tudun Wada, Gusau
Ƙarshen Oktoba

Malama Wasila,

Gaisuwa. Lafiyata ƙalau, in ban da haushi.

Na aika tambayar Inna, ba gishiri ba manda, don kada a ce Labbo ya danne saƙon tsohuwa. Wayar ta nuna ya karanta. Yau kwana da kwanaki ke nan, ko alamar hannu bai turo ba. Marta ma shiru.

Ban yi mamaki ba. Yaro ya nemi abu ɗaya a fili, an mayar masa da kacici-kacici. Mutumin da ke buga wasa a gaban mutum dubu hamsin, mai likitansa daban, mai dafa masa abinci daban, shi za a aika wa tambayar zaure? Ranar Lahadi na gan shi wurin Gideon. Ya ba da wata ƙwallo tsakanin 'yan baya biyu, kamar zare a kafar allura, aka ci. Ya juya yana murna, Molina ya cika allon. Wani yaro a bayana ya ce, "Malam, ɗan'uwanku ya yi murabus daga danginku." Na ce masa ya fara gano nasa uban tukuna. Gideon ya roƙe ni in riƙa zama a baya.

Na karanta maganar Inna sau uku, ba zan ɓoye miki ba, ta taɓa ni. Amma taɓa zuciya daban, gaskiya daban. Na karanta tarihin gidaje da dama da suka watse, kuma yawancinsu ba yaƙi ya watsa su ba, wani dattijo ne ya ƙi sunkuyawa a ƙofar da ba ta kai tsawonsa ba. Inna za ta riƙe sunan a bakinta, yaron ya yar da shi daga bayansa, shi ke nan an yi canjaras, mu ne aka ci.

Har yanzu akwai lokaci. Wasan ran Alhamis ta sama ne. Mas'udu ya ce zai ba ta gidan gaba ita kaɗai. In ba ku zo ba, na wanke hannuna, kuma kada wanda ya ƙara aiko ni wurin Bature da tatsuniya.

Labbo

*

Kwatarkwashi
Farkon Nuwamba

Malam Labbo,

Muna lafiya. Ana ta sussukar dawa.

Ba za mu zo ba. Inna ta ce gidan gaba na Mas'udu a ba mai ciki.

Ka ce ka wanke hannunka. Da me ka wanke, bayan kai ka juya zalɓe zuwa Turanci? Na karanta mata inda ka ce yaron ya yi shiru, ina tsammanin za ta karaya. Sai ta yi dariya, karo na farko tun Satumba. Ta ce, "Da ya ba da amsa da wuri, da na san bai ji ba."

Amma kada ka ɗauka ba ta damu ba. Kullum sai ta tambaye ni yau wace rana. Jiya na same ta ta fiddo tsohuwar taguwar Yaya ta makaranta daga ƙasan adaka tana shafawa. Da ta ji takuna ta ce asu take dubawa.

Ran Alhamis ka je wurin Gideon, ka zauna a gaba ko ya so ko bai so ba. Abin da ka gani ka rubuto, mai daɗi ko marar daɗi. Wannan karon ka sa gargaɗin a sama.

Wasila

*

Tudun Wada, Gusau
Tsakiyar Nuwamba

Malama Wasila,

Babu gargaɗi. Ki karanta mata daga sama har ƙasa.

Ina gaishe ku. Ran Alhamis bayan Magariba na je wurin Gideon, na zauna a bencin gaba. Aka fara wasa babu Bashar, yana benci sanye da rigar sanyi, an zuge ta har wuya. Aka tafi hutu aka dawo, yana nan zaune. Ni da ban taɓa yi wa Bature addu'a ba, na riƙa roƙon Allah Ya sa wani ɗan tsakiya ya gaji. Ana dab da tashi koci ya yafuto shi. Ya tuɓe rigar sanyin, amma mai ɗaukar hoto ya nuno shi ta gaba. Ya shiga, ya taɓa ƙwallo sau ɗaya ko biyu, duk daga nesa. Sai Allah Ya taimake mu Bashar ya kwashe ƙafar wani. Alƙalin wasa ya ɗaga masa katin gargaɗi, ya ce ya juyo ya ga lambarsa. Ya juya, hoto ya matso.

Ki gaya wa Inna sunan ya koma inda yake.

Ban taɓa ganin an yi murnar katin gargaɗi haka ba. Benci ya karye. Gideon ya rungume ni yana cewa, "Malam, an dawo da ita daga wanki." Yaron nan mai zancen murabus na neme shi ban gan shi ba.

Da safe saƙon Marta ya shigo. Ta ce ranar da tambayar Inna ta isa, Bashar ya zo gida ya same ta a kicin ya ce, "Me Baba yake kirana?" Ta ce ai ka sani. "Baba" yake kiransa. Shi yana ce wa uban Baba, uban yana ce masa Baba, har maƙwabta suna dariya wai gidan ba a san waye babba ba. Suka zauna su biyu suna laluben shekara goma sha huɗun da ya yi da ubansa, ba wanda ya tuna ranar da Arzika ya buɗe baki ya ce Bashar. A asibiti in an tambayi sunan yaro sai ya miƙa kati. In ya je kallon wasansa a makarantar ƙwallo, sauran iyaye suna bakin fili suna kiran 'ya'yansu, shi yana can bayan wayar shinge, hannu a aljihu. Yaron ya ci ƙwallo, ya dubo shi, sai uban ya kau da kai. Marta ta ce abin ya daɗe yana cin Bashar. Ya ɗauka bai kai ba ne a idon ubansa, har uban ya mutu bai tambaya ba. Sai da ta tuna masa cewa mutumin nan daga gonar tumatir yake tahowa da ƙafa, da takalmin roba, bai taɓa fashin wasa ɗaya ba.

Bashar ɗan fari ne, kuma sunan mahaifinku ne aka sa masa. Ni da na rubuta bayani kashi-kashi ban tuna da haka ba. Inna ba ta taɓa ganin gidan ba, amma ta san abin da ke cikinsa, don ita ta yi renon mai gidan.

Akwai kuma saƙon murya daga shi kansa, da wata Hausa da ban san inda ya aro ta ba, kowace kalma da ɗingishi. Na adana shi sai waya ta dawo muku. Ga abin da ya ce: "A gaida matata. Ƙafar zalɓe ta buga wa ƙasa. Cefane yana zuwa, ni zan kawo da kaina in an tashi kakar wasa. Ina son labarin ɗanta na fari." Haka ya ce, ɗanta na fari. Bai faɗi sunan ba.

Na ce sai ta faɗi sunan kafin ya dawo bayan riga. Ban yi daidai ba. Ki gaya mata, amma a hankali, kada akuyoyi su ji.

Taubashinki,
Labbo